Kama ɗaki a babban otal: tambayoyi da amsoshi don kada kuɗinka su tafi a banza

Otal ba baƙon abu ba ne ga mutanen Kano. Ɗan kasuwa yana sauke abokin cinikinsa da ya zo daga Legas ko Sin, ango yana neman inda abokansa za su kwana ranar ɗaurin aure, ma'aikaci yana zuwa taro Abuja, ga masu tafiya Umara da ke son kusantar Harami saboda iyayen da ƙafa ta yi wa nauyi. Abin da ke damuna shi ne, mutumin da ba zai sayi turmin atamfa a Kantin Kwari ba sai ya yi tayi sau uku, shi ne zai shiga otal a faɗa masa kuɗi, ya zaro kati ya biya bai ce uffan ba, don kada a ce bai waye ba. Wannan kunyar tana cin kuɗi mai yawa. Ga tambayoyin da aka fi yi, da amsoshinsu.

Wai ana ciniki a otal na alfarma? Ba zubar da girma ba ne?

Ana yi, kuma su kansu masu otal sun san ana yi. Dalilin a fili yake: ɗakin da ya kwana babu kowa yau, kuɗin wannan daren ya tafi ke nan, ba a ajiye shi a sayar gobe. Ga albashin ma'aikata yana tafiya, janareta yana shan mai, ko ɗakuna sun cika ko ba su cika ba. Saboda haka kuɗin da ke rubuce a takardar farashi shi ne mafi tsada, kuma kamfanoni da ma'aikatun gwamnati da ƙungiyoyin agaji ba shi suke biya ba, suna da farashinsu na yarjejeniya.

Sai dai a san da wa za a yi magana. Yaron ko yarinyar da ke teburin karɓar baƙi galibi ba su da ikon rage ko kwabo, matsa musu zalunci ne. Ka nemi manajan da ke kula da kama ɗakuna ko na ɓangaren kasuwanci, ka kira da hantsi a ranar aiki, ka yi sallama ka gaisa, sannan ka ce: "Yallaɓai, ina son ɗaki biyu na kwana huɗu daga Litinin. Na ga farashinku. Nawa za ku bar mini idan zan biya gaba ɗaya?" Idan mace ce manajar, "Hajiya" ko "ranki ya daɗe" ya wadatar. Ka faɗi yawan kwana da yawan ɗaki tun a farko, domin su ne ƙarfinka.

Idan ya ce farashi ba ya taɓuwa, kada ka tsaya nan. Manaja ya fi jin sauƙin ƙara maka abu a kan rage maka kuɗi. Ka nemi karin kumallon mutum biyu, ko motar ɗauko baƙo daga filin jirgi, ko ɗaki mafi girma a kan kuɗin ƙarami, ko a bar ka har la'asar ranar fita. Duk abin da kuka daidaita a kai, ka roƙa a turo maka a rubuce ta imel ko WhatsApp ɗin otal ɗin. Wanda ya yi maka alkawari da baki ba lallai ne yana bakin aiki ranar da za ka iso ba.

Idan an ce otal mai tauraro biyar ne, shi ke nan na huta da bincike?

A'a. Babu wata hukuma guda a duniya da ke raba taurari. Kowace ƙasa da nata tsarin. A Najeriya ma, a 2013 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar gwamnatin tarayya da jihar Legas cewa rajista da tantance darajar otal hurumin jihohi ne. Ma'ana, tauraron wani gari ba lallai ya yi daidai da na wani ba, wasu ma su suke liƙa wa kansu. Tauraro yana gaya maka cewa akwai wurin ninkaya da ɗakin taro da gidan abinci. Ba ya gaya maka ko na'urar sanyaya ɗakinka tana aiki, ko an canza katifa a 'yan shekarun nan.

In otal ɗin a cikin Kano yake, gani ya kori ji. Ka je da kanka, ka ce a nuna maka irin ɗakin da za ka kama, ba ɗakin da suke nuna wa kowa ba. Ka buɗe famfon ruwan zafi, ka kunna na'urar sanyi, ka shaƙi iskar ɗakin ko da warin danshi ko taba, ka leƙa taga ka ga me ke ƙasa. Minti 10 ya isa.

A wace unguwa ya fi dacewa in sauke baƙo a Kano?

Manyan masaukai sun taru ne a gabashin birni: Nassarawa GRA, inda Tahir Guest Palace da Prince Hotel suke, titin Bompai inda tsohon Central Hotel yake, da wajen Farm Centre inda Bristol Palace yake. Zaɓin ya danganta da abin da ya kawo baƙon. Wanda ya zo harkar masana'antu a Bompai ko zai tashi da asuba daga filin jirgin Malam Aminu Kano, kusancin can ya fi masa. Wanda ya zo taro a sabon mazaunin Jami'ar Bayero a titin Gwarzo ko masana'antun Sharaɗa da Challawa, ka lissafa masa cunkoson safe da na yamma kafin ka zaɓa. Ragin naira dubu kaɗan ba ya biyan awa biyu a cikin mota kullum, musamman a watan zafi.

Wane lokaci ɗakuna suka fi sauƙi, wane lokaci suka fi tsada?

A Kano, biki ne ke cika otal. Juma'a zuwa Lahadi ranakun ɗaurin aure da dina ne, don haka Litinin zuwa Laraba sun fi sauƙin ciniki. Watan Sha'aban, da ake rige-rigen aurar da 'ya'ya kafin azumi, da makonnin bayan Sallah, da watan Disamba, duk lokutan cika ne. Haka ranakun Sallah a shekarar da aka yi hawa, domin Hawan Daushe da Hawan Nassarawa suna jawo baƙi daga nesa, balle tun da UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a Disamban 2024. Baje kolin ƙasa da ƙasa da ƙungiyar 'yan kasuwa ta KACCIMA ke shiryawa wajen ƙarshen shekara shi ma yana cika ɗakuna, sai kuma tarukan siyasa, waɗanda kan kwashe otal guda a dare ɗaya. Kwanakin farko na azumi da tsakiyar damina kasuwar kan yi sanyi.

Abuja akasin haka take. Garin aiki ne, ɗakuna suna cika Litinin zuwa Alhamis, ƙarshen mako ya yi sauƙi. Mai son ya kai iyali Transcorp Hilton don hutu ya duba daren Juma'a da Asabar. Legas a Disamba ba ta taɓuwa. Dubai kuwa tana araha daga Yuni zuwa Agusta, saboda zafin da ke hana mutum fita da rana. In yawon kantuna da hutawa a ɗaki ya kai ka, ba ka yi asara ba, amma in da yara masu son wasa a waje, a sake tunani.

In kama ta intanet ko in kira otal ɗin kai tsaye?

Ka yi duka biyun, bi da bi. Fara da shafuka irin su Booking.com, Expedia, Hotels.ng ko Wakanow don ka san kasuwa: nawa ɗakin yake a ranakun da kake so, nawa maƙwabtansa suke. Sannan ka kira otal ɗin. Waɗannan shafuka suna karɓar la'ada daga otal, galibi daga kashi 15 cikin 100 zuwa sama. In ka zo kai tsaye, otal ya tsira da wannan la'adar, kuma yana iya raba ta da kai. Ka ce masa ƙarara: "Na ga ɗakin nan a kan kaza a intanet, in na biya ku kai tsaye me za ku yi mini?"

Amma ka tabbata abu ɗaya kake kwatantawa: irin ɗaki ɗaya, yawan mutane ɗaya, da karin kumallo ko babu, da haraji ko babu, ana iya sokewa ko ba a iyawa. Sau da yawa abin da ya yi kama da araha, an cire masa ɗaya daga cikin waɗannan ne.

Inda shafukan suka fi amfani shi ne garin da ba ka sani ba, ko ƙasar da ba ka jin yarenta. Can kana da shaida a rubuce da wanda za ka kai wa ƙara. Duk da haka, kwana biyu kafin tafiya ka tuntuɓi otal ɗin ka tabbatar sunanka ya shiga littafinsu.

Me ya sa kuɗin da na biya ya fi wanda aka faɗa mini?

Haraji da kuɗin hidima. Harajin VAT a Najeriya kashi 7.5 ne tun Fabrairun 2020, kuma manyan otal da yawa suna ɗora kuɗin hidima, sau da yawa kashi 10. A ce ɗaki naira 100,000 ne. Da waɗannan biyun ya haura 117,000. A kwana 5 bambancin ya kusa kuɗin wani daren guda. Legas tana da nata harajin kashi 5 a kan otal da gidajen abinci. A Saudiyya VAT kashi 15 ne tun Yulin 2020. A Dubai akwai VAT kashi 5, da kuɗin hukumar birni, da na hidima, sannan dirhami 20 a kowane ɗaki kowane dare a otal mai tauraro biyar, wanda galibi a teburin otal ake karɓa ko da ka biya komai tun daga gida.

Tambaya ɗaya ce maganin wannan: "Nawa zan biya gaba ɗaya, da haraji da komai?" A rubuta maka jimlar.

Karin kumallo: in haɗa da kuɗin ɗaki ko in bari?

In ku biyu ne ko da yara, a haɗa, domin sayensa daban a babban otal tsada gare shi. Ka tambaya na mutum nawa ne, domin wani ɗakin na mutum ɗaya ya ƙunsa. In kai mai fita ne da sassafe, ko baƙonka gidan dangi zai riƙa karyawa, kada ka biya abin da ba za a ci ba. A watan azumi ka tambaya ko za a mayar da shi sahur.

Abincin rana da na dare kuwa, a Kano ban ga dalilin ɗaure kai da na otal kullum ba. Baƙon da ya zo garin nan ya koma bai ci gurasa da tsire ko masa da miyar taushe ba, an rage masa wani abu. Sai dai ka tambaya ko suna barin a shigo da abinci daga waje, don wasu ba sa bari, kuma bai kamata 'yar aiken da ta ɗauko kuloli daga gida ta sha kunya a bakin ƙofa ba.

An ce in na biya yanzu ba sokewa, za a rage mini. In karɓa?

Sai in tafiyar ta tabbata ta kowace fuska. Ka tuna yadda ƙurar hunturu ke hana jirage tashi da sauka a Kano tsakanin Disamba da Fabrairu, da yadda biza kan makara, da yadda rasuwa ko rashin lafiya ke ɗage biki. Ragin da ake bayarwa a irin wannan farashi ba ya kai asarar kuɗin gaba ɗaya. Hanyar da na fi so ita ce a kama ɗakin da ake iya sokewa tun da wuri, a ci gaba da leƙa farashi. In ya sauka, a kama sabon a soke tsohon. Ka rubuta ranar ƙarshe ta sokewa da awarta, kuma ka lura da agogon ƙasar da otal ɗin yake: Saudiyya tana gaban Najeriya da awa 2, Dubai da awa 3.

Haka batun kafin alƙalami a otal ɗin gida: kafin ka tura, ka ji sharaɗin mayarwa.

Ai babban otal ba ya rasa wuta. Sai na tambaya?

Ka tambaya, kuma ka tambaya dalla-dalla. A Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin wutar masu rukunin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta, daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 a kowane ma'auni, ga tsadar man dizal. Wannan ya sa wasu masaukai suna tsimi ta hanyar da baƙo ba zai gane ba sai ya shiga: fitila da talabijin suna aiki, amma ana kashe na'urorin sanyaya ɗaki na wasu awanni da rana. A watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafin Kano ke kai maki 40, wannan shi ne bambancin hutu da azaba. Don haka kada ka ce "kuna da wuta?", kowa zai ce e. Ka ce: "Na'urar sanyi tana aiki dare da rana ba yankewa, har a kan janareta?" Sannan ka roƙi ɗakin da ke nesa da gidan janareta da kuma zauren biki. Ɗakin da ke saman zauren dina a daren Asabar ba wurin barci ba ne, ko nawa aka biya.

Za mu yi biki, muna son ɗakuna da yawa. Ya za mu yi?

Nan ne kuke da ƙarfi sosai, kuma nan ne aka fi yin sakaci, domin hankalin iyaye yana kan kayan ɗaki da abinci. A wakilta mutum ɗaya mai natsuwa, kawu ko yayan amarya, shi kaɗai zai yi magana da otal. Ya haɗa zaure da ɗakuna a ciniki guda. Wanda zai kama zauren dina da ɗakuna 10 yana da bakin neman ɗakin ango da amarya kyauta, ko ɗakin da amarya za ta yi kwalliya da rana.

A rubuta waɗannan a yarjejeniya: ranar da za a iya rage yawan ɗakuna ba tare da tara ba, mutum nawa aka yarda su kwana a ɗaki, kuɗin ƙarin katifa, da wanda zai biya abin da baƙi suka ci ko suka sha. Wannan na ƙarshe shi ne ke kawo ɓacin rai. Ku gaya wa otal a rubuce cewa kuɗin ɗaki da karin kumallo kaɗai ke kanku, abin da ke cikin firij da wanki da guga da odar abinci kowa ya biya nasa. Ba rowa ba ce. Uban amarya da ya gama kashe abin da ya tara bai cancanci a miƙo masa wata doguwar takarda ranar Lahadi ba.

Zan kai mahaifiyata Umara. Otal na jikin Harami ya cancanci kuɗinsa?

In tana da ciwon ƙafa ko gwiwa, ko za a tura ta a keke, ya cancanta, kuma a nan ba na ba da shawarar tsimi. Allah ya saka da alheri, ya sa a je lafiya. Abin da kake saya shi ne ta samu salloli biyar a masallaci ba tare da ta galabaita ba. Amma a cikin masu tsadar ma akwai zaɓi.

Hasumiyar agogo, wato Abraj Al Bait, ta ƙunshi otal da dama, irin su Fairmont, Swissôtel da Pullman Zamzam. A yammacin Harami akwai rukunin Jabal Omar, inda Conrad da Hyatt Regency da Hilton suke. Da yawansu suna sayar da ɗaki iri-iri: mai kallon Ka'aba, mai kallon harabar masallaci, da mai kallon gari. Gadon ɗaya ne, nisan tafiya ɗaya ne, amma mai kallon Ka'aba ya fi tsada nesa ba kusa ba. In Hajiya za ta yi yawancin sallolinta a ɗaki saboda rauni, taga mai kallon Ɗakin Allah abu ne da zai faranta mata rai har ta koma ga Mahaliccinta, ka biya in kana da hali. In kuwa a masallaci za ku wuni, ka ɗauki mai kallon gari, ka ƙara kwanaki da ragowar kuɗin.

Sannan kada mitocin da aka rubuta su ruɗe ka. A dogayen benaye, jiran lif a lokacin salla yana iya cin lokaci fiye da tafiyar ƙasa, wani wurin ma sai an sauya lif an ratsa kantuna kafin a fito fili. Otal mai ɗan nisa kaɗan a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya yana iya fin wanda ke kusa amma a kan tudu. Ka tambayi wanda ya taɓa sauka can: daga ƙofar ɗaki zuwa sahu minti nawa? A Madina, ɓangaren arewacin masallaci ya fi kusa da ƙofofin mata, a kula da wannan in da mata a tafiyar.

Batun lokaci, goman ƙarshe na Ramadan ita ce ƙololuwar tsada, ɗaki yakan ninka sau da yawa kuma galibi a dunƙule ake sayar da kwanakin. Bayan an buɗe Umara a ƙarshen aikin Hajji, wajen Muharram da Safar, farashi yana sauka sosai, cunkoso ma haka, abin da ya fi dacewa da tsoho. In ta kamfanin jirgin yawo za ku bi, kada ka yarda da "otal mai tauraro biyar kusa da Harami" kawai. A rubuta sunan otal, irin ɗaki, mutum nawa a ciki, da abin da za a yi in an sauya muku masauki.

Katin zama mamba da tara maki, yana da amfani ga irinmu?

Shiga kyauta ne a Hilton Honors, Marriott Bonvoy, IHG One Rewards da ALL na kamfanin Accor, kuma mamba yakan sami ɗan ragi da intanet kyauta tun daga ranar farko. Ga ɗan kasuwar da ke zirga-zirgar Abuja, Legas, Dubai da Saudiyya, ya zaɓi kamfani ɗaya ya riƙe, maki za su taru har su biya masa dare, kuma a Marriott in ka biya dare 5 da maki, na 4 kawai ake cira. Sharaɗin shi ne ka kama ɗakin ta shafinsu ko manhajarsu. Wanda aka kama ta wani dillali galibi ba ya kawo maki. Ga mai tafiya sau ɗaya a shekara, kada neman maki ya sa ya biya ɗaki mafi tsada. Galibin manyan otal ɗin Kano masu zaman kansu ne, a nan sanayya da manaja ita ce katinka.

Da wane kuɗi zan biya a ƙasar waje, kuma mene ne kuɗin da suke riƙewa?

In na'urar karɓar kati ta tambaye ka ko za ka biya da dala ko da kuɗin ƙasar, zaɓi kuɗin ƙasar, riyal ko dirhami, domin canjin da na'urar ke yi da kanta ya fi tsada. Ka tambayi bankinka iyakar abin da katinka zai iya kashewa a waje kafin ka tashi. Tun da aka saki farashin naira a Yunin 2023 ƙa'idojin suna yawan sauyawa.

Kuɗin riƙo kuwa jingina ce saboda abin da za ka iya ci ko ɓatawa. A katin cirar kuɗi irin namu, kuɗin yana fita ne daga asusu na ɗan lokaci, kuma dawowarsa kan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni. In sun yarda, ka ajiye tsaba ka karɓi rasit, ranar fita a miƙo maka abinka.

Ta yaya zan kauce wa 'yan damfara?

Kada ka tura kuɗi asusun mutum. Asusun otal yana ɗauke da sunan kamfani. Masu buɗe shafukan bogi a Facebook da Instagram da hotunan otal na gaskiya suna nan, kuma alamarsu ita ce araha mai yawa da gaggawa: "saura ɗaki ɗaya, turo yanzu." Ka samo lambar otal daga shafinsa na ainihi ka kira. Ko saƙon da ya zo kamar daga shafin da ka kama ɗaki, yana cewa ka sake shigar da lambar kati ta wani mahaɗi, kada ka taɓa shi sai ka tabbatar.

Wajen karanta ra'ayoyin waɗanda suka taɓa sauka, ka fara da na watannin baya-bayan nan, ka nemi ƙorafin da ya maimaitu. Mutum ɗaya ya ce ruwa ba ya zuwa, wataƙila tsautsayi ne. Mutum biyar sun faɗa, gaskiya ce.

Jirgina da safe zai sauka. Za su ba ni ɗaki?

Ƙa'ida a yawancin wurare ita ce shiga da ƙarfe 2 ko 3 na rana, fita da 12. Ka sanar da su lokacin isowarka tun ana gobe za ka iso. In akwai ɗaki a shirye sukan bayar ba tare da ƙari ba. In da tsoho ko jariri kuma da asuba za ku iso, ka kama daren da ya gabata kawai, ka gaya musu da safe za ku shigo don kada su ɗauka ba ku zo ba su sayar da ɗakin. Neman ɗaki mafi kyau kyauta ma ana yi a lokacin shiga, cikin ladabi, kuma ya fi yiwuwa ga mai kwana ɗaya ko biyu a ranakun da ba cika. In amarci ne, ka faɗa.

Ni mace ce, zan sauka ni kaɗai ko da yara. Me zan duba?

Hajiya, ki nemi ɗaki a bene na sama, kusa da lif, ba a ƙarshen lungu ba, kuma ba mai ƙofar haɗi da wani ɗakin ba. Ki duba sakatar ciki tana aiki. In ma'aikaci ya faɗi lambar ɗakinki da ƙarfi a gaban mutane, kina da damar neman a canza. Ki tambaya ko akwai lokacin mata a wurin ninkaya da na motsa jiki, tun da kuɗinsu yana cikin abin da kika biya, sannan shekara nawa yaro zai kai kafin a caje shi kuɗin gado da abinci. A ƙasashen da ba na Musulmi ba, ki tambayi abincin halal, ki sa a kwashe giyar da ke cikin firij kafin ku shiga, ki kuma tafi da 'yar butarki, don ba kowane banɗaki ke da abin tsarki ba.

In abin da na tarar bai yi daidai da abin da na biya ba fa?

Ka yi magana nan take, kafin ka kwance kaya. Ƙorafin da aka kai ranar fita ba ya gyara komai. Ka ɗauki hoto, ka nemi manajan da ke bakin aiki, ka nuna masa abin da aka rubuta maka, sannan ka faɗi abin da kake so a fili: canjin ɗaki, ko ragi, ko mayar da kuɗin daren. Ba sai an ɗaga murya ba, kuma mai share ɗaki ba ita ta yi maka alkawari ba. In ta shafin intanet ka kama, ka sanar da su tun kana cikin otal ɗin. In abin ya faskara, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa, kuma jihar Kano tana da tata hukumar.

A darenka na ƙarshe, ka sa a kawo maka takardar lissafi ka bi ta layi-layi a zaune, ba da safe kana sauri direba yana jira ba. Ka duba ko an cire kafin alƙalamin da ka bayar, ko an caje ka karin kumallon da ke cikin kuɗin ɗaki, ko an rubuta abin firij da ba ka taɓa ba. Ka karɓi rasit mai nuna ba a bin ka komai, ka sa a saki kuɗin riƙo a gabanka. In an yi maka hidima mai kyau, ka ba wanda ya ɗauki kaya da mai gyaran ɗaki ɗan ihsani a hannunsu, ka kuma karɓi lambar manajan kafin ka fita, domin zuwa na gaba da shi za ka fara magana.